Takardar da ke Jikin Firij

Malam Halliru Alu mutumin Dawaki ne ta ƙasar Rano. Shekara talatin da uku ya yi yana aikin gwamnati, sha tara daga ciki a wani ƙaramin asibitin ƙauye gefen Fassi, har mutanen wurin suka manta baƙo ne. Ba likita ba ne. Ƙaramin ma'aikacin lafiya ne mai wanke miki da ba da maganin zazzaɓi, kuma shi ke kula da firij ɗin allurar rigakafi.

Firij ɗin tsoho ne mai kananzir, da 'yar fitila a gindinsa. In wutar ta yi shuɗi, lafiya lau. In ta yi ja tana hayaƙi, sai an gyara lagwani. A jikin ƙofarsa akwai takarda mai layi-layi, kuma ƙa'idar aiki ita ce safe da yamma a duba ma'aunin da ke ciki, a rubuta lambar da ya nuna. Daga biyu zuwa takwas magani na nan da ransa. In ya haura ya daɗe, ya zama ruwan banza.

Kowa ya san yadda ake cike irin takardar nan a wasu wurare. Da an ji masu duba aiki na tafe, sai mutum ya zauna da biro biyu, shuɗi da baƙi, ya jera huɗu, biyar, huɗu, har wata ya cika. Malam Halliru bai taɓa yi ba. Ko ranar Sallah, daga masallacin idi asibiti yake wucewa da babbar rigarsa. Ramatu, ungozomar asibitin, takan tare shi a bakin ƙofa tana dariya.

"Malam, ya mai jiki? Ya kwana lafiya?"

"A huɗu ya kwana, Hajiya. Ya fi ki lafiya, shi ba ya kukan gwiwa."

Shekara biyu bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano aka turo musu sabon incaj, wato shugaban asibitin, Shamsuddeen, ɗan 'yar'uwar wani kansila. Sa'an ɗan Malam Halliru ne, mai fara'a, mai gaisuwa har ƙasa, ba ya kiransa sai da Baba. Lokacin saura shekara biyu dattijon ya yi ritaya.

Wata Juma'a da hantsi aka zo masa da labarin rasuwar wansa a Dawaki. Ya shiga ofis, ya yago takarda zai rubuta neman izini kamar yadda doka ta ce. Shamsuddeen ya riƙe masa hannu a gaban Ramatu.

"Haba Baba! Gawa na jira kana neman biro? Kawo makullin, ni zan duba firij. Allah ya ji ƙansa."

Haka kowa ke tafiya makoki, da izinin baka. Wa zai ce wa mai hawaye ya zauna rubutu? Ya miƙa makulli ya tafi, ya zauna har aka yi sadakar uku.

Ranar Talata da safe ya dawo. Tun daga ƙofar ɗaki ya ga ruwa kwance a siminti. Fitila a mace, tankin kananzir a bushe. Ya buɗe firij, iska mai ɗumi ta bugi fuskarsa. Ma'auni na kan ashirin da shida, alamar da ke jikin kwalaben maganin mai nuna lalacewa duk ta yi duhu. Shamsuddeen ya tafi bikin abokinsa a Kano tun ranar Asabar, sai ranar Litinin ya dawo. Amma takardar jikin ƙofa a cike take tsaf: huɗu, biyar, huɗu, har da gurbin yammar ranar da ba ta riga ta yi ba.

Malam Halliru ya ja layi ɗaya a kan lambobin, ya rubuta ashirin da shida, ya sa hannu.

Incaj ya same shi a tsugune yana goge ruwan.

"Baba, mu zuba kananzir mu kunna. Kafin gobe ya yi sanyi. Wa zai sani?"

"Gobe Laraba ce, ranar rigakafi. Ruwa za mu tsira wa 'ya'yan mutane, iyayensu su koma gida da murna?"

"To ka saurare ni. In takardar nan ta je sakatariya, za su tambaya wa ke da firij. Kai ne. Za su tambaya ina kake, kuma ina takardar izininka. Me za ka nuna musu? Aikin shekara talatin da uku fa, Baba, da fanshonka."

Dattijon ya ɗago ya dube shi. Sannan ya ci gaba da matse tsumma.

Kashegari mata wajen arba'in suka cika inuwar darbejiya da goyonsu. Malam Halliru ya fito ya faɗa musu magani ya lalace, su yi haƙuri sai an kawo wani. Wata Bafillatana ta ce ta fasa kai nono kasuwa don ta zo, ba za ta sake wannan wahalar ba. Suka watse suna mita. Kafin la'asar magana ta zaga gari cewa Malam Halliru ya kashe allura.

Bayan mako biyu aka kira su gaban kwamiti a sakatariya. Shamsuddeen ya ce shi bai tuna an nemi izini a wurinsa ba, kuma makullin firij ai na mai firij ne. Aka juya kan Ramatu. Ita ma'aikaciyar wucin gadi ce, marayu huɗu take riƙe da su. Ta kalli ƙasa ta ce lokacin tana ɗakin haihuwa.

Da aka fita sallar azahar, shugaban kwamitin, Alhaji Nuruddeen, wanda suka yi firamare tare a Rano, ya ja Malam Halliru gefe wajen alwala.

"Halliru, taurin kan nan naka tun muna aji uku. Ga sabuwar takarda, ka sake cike ta, ka ce ma'auni ne ya samu matsala. Sai mu rufe magana, kowa ya koma bakin aikinsa."

"Kwalaben fa?"

"Suna nan a sito, ba a zubar ba."

"To in na ce ma'auni ne, ai mayar da su firij za a yi."

Alhaji Nuruddeen ya zubar da sauran ruwan butarsa, ya tafi bai waiwayo ba.

Takardar kora ta zo da farkon damina. Laifi biyu aka rubuta: barin wurin aiki ba tare da rubutaccen izini ba, da sakaci da kayan gwamnati. Wanda aka kora ba shi da fansho. Matarsa Jumai ta ce ya je ya ga kansila, ya je ya ga limamin Juma'a, ya je ko'ina a rantsar da yaron nan da Alƙur'ani. Ya karanta takardar sau biyu a zaune bakin ƙofa, ya ninke ta.

"A na farkon ba su yi ƙarya ba, Jumai. Babu takarda. Ni na san doka, na bari aka riƙe min hannu."

Suka kwashe kayansu a a-kori-kura suka koma Dawaki, ya kama noma gonar marigayi wansa da jikin da bai saba da fartanya ba. Shekara huɗu ya yi a haka, yana ramewa, ba ya zancen asibiti da kowa. A watan jiya ya rasu, bayan jinyar kwana tara.

A wurin zaman makoki wani baƙo ya tambayi na kusa da shi wane ne mamacin. Mutumin ya sassauta murya don kada iyalai su ji.

"Wani tsohon malamin asibiti ne. Shi ne wanda aka kora shekarun baya, da ya lalata allurar yara. Allah dai ya yafe masa."