Kwamfutar da Ta Ƙara Shekaru

A wani shagon buga takardu da ke bakin tashar Gwarzo, Gali na zaune yana jiran katin walimar saukar 'yarsa, walimar kuma gobe ce. Idonsa na kan mai shagon, wani dogon dattijo mai jan gemu, da biro uku a aljihu, ko ɗaya ba ya rubutu. Daga ganin gugar rigarsa, Gali ya ce a ransa wannan tsohon ma'aikaci ne da aka sallama lokacin tsuke bakin aljihu.

Kwamfutar sabuwa ce fil, amma tsohuwar manhajar rubutun Larabcin ta ƙi buɗewa.

"Manhajar nan ba ta kula yara," in ji dattijon. "Sai ta tambayi na'ura shekarunta. In ta ji 'yar bana ce, ta yi fushi."

Janareta na tari, mai ya kusa ƙarewa. Dattijon ya leƙa waje, ya bari 'yan Hisba suka wuce. Ya yi istigfari, ya latsa wani wuri inda kwamfutar za ta ce ita tsohuwa ce, 'yar alif ɗari tara da casa'in da takwas. Ya cire hularsa da ta koɗe, ya ɗora mata, don maganar ta zauna.

Sai ga Bisimilla ta fito a allo, ɓaro-ɓaro.

Ya juyo, kansa ba hula, ya riƙe hannun Gali gam.

"Malam, ranar gobe ƙiyama kai ne shaidata. Ƙaryar shekarun nan, ita ta faɗa da bakinta, ni hula kawai na ara mata."