Inshorar Haihuwata da Kwantenar Alhaji

Jama'a, yau wani Alhajin Maraɗi ya rama mini da kalmar Sinanci ɗaya tak.

Kun san aikin tafinta nake yi a wani shagon tufafi a kasuwar Shahe, nan ƙasar Sin, da cikakkiyar takardar aiki. Tun da na samu ciki nake yi wa loban, maigidanmu, maganar inshorar haihuwa. Kullum amsarsa ɗaya: "Meyo." Wato babu. Wai ba a yi wa baƙar fata.

Yau na je awo asibiti. Ma'aikaciyar ta duba, ta ce mai takardar aiki irina yana da haƙƙi, loban ne kawai bai saka sunana ba. Cikin wata bakwai fa! In tiyata ta kama, mijina ɗalibi ina zai samo kuɗin?

Na koma shago. Na tarar da Alhaji, babban kwastomanmu, ana cinikin kwantenar da za a loda masa a tashar jiragen ruwa ta Nansha. Loban sai washe baki yake, ya ce in fassara.

Alhaji ya dube ni ya ce, "'Yata, lafiya idonki ya yi ja?"

Na zayyane masa komai. Loban na gefe yana gyaɗa kai, ya ɗauka kayansa nake yabo.

Alhaji ya miƙe ya gyara hula. Loban ya biyo shi da biro, yana nuna masa inda zai sa hannu.

Alhaji ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Meyo."

Yanzu haka wayata sai ruri take, loban ne. Bari ya jira. Ni ma wata bakwai na yi ina jira.