Ranar da Shafin Maƙwabcina Ya Ƙi Surukarsa

Maƙwabcina Mai Tabarau ya sha kunya a falonsa, a gaban surukarsa, ni kuma Allah Ya sa na shigo aron caja.

Sana'arsa haɗa shafukan intanet. Tun muna yara haka yake, ya kwance rediyon babansa ya mayar, kusoshi su yi saura. Yanzu wuni yake gaban kwamfuta, shayi na hucewa a gefe, matarsa ta kira shi cin abinci ya ce saura layi ɗaya.

Wani asibiti ya ba shi aikin fom ɗin da ake cikawa a waya kafin ganin likita. Surukarsa dama ba ta taɓa yarda zaman kujera sana'a ce ba. Da ta zo da ciwon gwiwa, sai ya ga ranar wanke kansa ta zo.

"Mama, zauna ki gani. Ba layi, ba turereniya."

Ya rubuta sunanta, ya danna. Jan rubutu ya fito. Don taimako na karanta da ƙarfi: "Wannan ba suna ba ne."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Sunan da ubana ya raɗa min? Wa ya gaya wa abin nan haka?"

"Ni ne, Mama," in ji shi, gumi har wuya.

Ashe akwai harafin ƙa mai lanƙwasa a sunan, shi kuma ya kafa wa fom ɗin dokar karɓar haruffan Turanci kaɗai. Ta fara laluben takalminta.

Abin da ya cece shi, dokokin ba a jikin shafin suke ba. Wani fayil ya ware musu daban: tsawon lambar waya, gurbin da dole a cika, haruffan da za a karɓa. Ya buɗe shi, ya ƙara ƙa da ɗa da ɓa, ya sake dannawa. Koren rubutu ya fito, har da "Sannu da zuwa."

Ta ajiye takalmin. "To, ya koyi gaisuwa. Kawo ruwa."

Yana raka ni na ce, "Injiniya, dokar da kake ajiyewa a waje kamar akuya, ai dole ta yi ɓarna."

Ya gyara tabarau. "Duk abin da ke jawo min rigima a waje nake ajiye shi, ya fi sauƙin gyara. Kai ma daga yau a bakin ƙofa za ka tsaya."