Zafin Jimeta da Fankar Laftof

Shekarun da na yi ina kula da kwamfutoci a wani ɗan shagon intanet a unguwar Nassarawo ta Jimeta, gidanmu na cikin garin Yola, kullum da safe keke ke kawo ni Jimeta. Mai shagon tsohuwar malamar Turanci ce daga kudancin Adamawa. Da ta yi ritaya ta sayi tsofaffin laftof na hannu iri ɗaya, ta jera su a kan benci, ta ɗauke ni aiki. Kowa Madam yake ce mata. Ni kuma tana ce mini Malam, ko da yake ni sa'an ɗanta na fari ne.

Manhajar kyauta muka ɗora wa injinan, irin wadda mutane daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa su rubuta. A can cikinta akwai abin da ake kira kanel, shi ne ke ba kowane sashe na injin umarni, daga allo har fankar da ke sanyaya shi. A lokacin kusan kowane mako sai an gano wata kafa a kanel ɗin da ɓarawo zai iya bi ya shiga, masu rubuta shi su toshe ta, su turo sabo. Ni kuwa ba na bari ya kwana. Masu zuwa wurinmu suna buɗe asusun banki, suna rajistar jarrabawa, kuma injin da wannan ya tashi a kai shi wancan zai hau.

Ana tsakiyar bazara wata sabuntawa ta zo. Ta toshe babbar kafa, wadda za ta ba duk wanda ya zauna kan inji damar ganin sirrin waɗanda suka riga shi. Na saka ta da safe. Bayan azahar injinan suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata ɗaliba da ta wuni tana buga aikinta na kammala karatu ta zauna tana kallon baƙin allo tana hawaye. Na taɓa ƙasan laftof ɗin, kamar murfin tukunya. Fanka ba ta juyawa.

Madam ta ce, "Malam, ka mayar mana da tsohon. Da shi ba mu taɓa samun wannan wahala ba."

Na ce, "Madam, tsohon ƙofarsa a buɗe take, kuma yanzu duniya ta san inda ƙofar take."

"To sabon kuma kashe mini kasuwa yake yi."

Muka tsaya a nan. Daga ƙarshe ta yarda mu riƙe sabon, amma mu riƙa rufe injinan daga azahar zuwa la'asar, muka manna takarda a ƙofa. Ta ce ta ba ni zuwa farkon damina. In ban gyara ba, da kanta za ta nemo wanda zai mayar da tsohon.

Ban iya rubuta kanel ba, har yau ma ban iya ba. Amma na san akwai dandalin da ake kai wa masu rubuta shi ƙara. Na rubuta abin da ya faru da Turancina, Madam ta leƙo ta kafaɗata ta karanta, ta ja kujera. "Matsa. Wannan in ka tura, ko ni ba zan gane ba." Ina faɗa tana gyarawa. Ita ce ma ta ce a saka cewa da safe injinan lafiya suke, sai rana ta take suke faɗuwa.

Ba mu sa ran amsa ba, sai ga ta. Wani mutum ne daga wata ƙasa mai sanyi, ɗaya daga cikin masu kula da ɓangaren fanka. Ya ce yana da irin laftof ɗinmu a gida, ya gwada, bai ga komai ba. Sannan ya tambaya, zafin ɗakinmu nawa ne? Na aro ma'aunin zafi a kantin magani na kusa da mu, na ɗauki hoto na tura masa, ya haura arba'in. Amsarsa gajera ce: tun da yake a duniya bai taɓa zama a ɗaki mai zafin haka ba, injinsa ma haka. Ya ce ba zai iya gano matsalar daga can ba, sai dai mu mu zama hannunsa.

Ya bayyana mini yadda za a yi. Tsakanin tsohon kanel da sabo akwai canje-canje masu ɗimbin yawa, ɗaya daga ciki ne ya jawo. Zan haɗa kanel na tsakiya in gwada. In fanka ta yi aiki, laifin na gaba, in ba ta yi ba, yana baya. Haka zan yi ta raba su biyu har a ƙure mai laifin. Haɗa kowane ɗaya yana cin rabin yini a tsohon injinmu, in an ɗauke wuta kafin janareto ya tashi kuma sai a sake daga farko. Gwajin kuwa ba ya yiwuwa sai rana ta take.

Mun yi nisa, saura kaɗan, sai hadari ya taso daga wajen kogi, aka yi ruwan farko. Duk Jimeta ana murna, ni ina tsaye bakin shago raina a ɓace. Gari ya yi sanyi, kowane kanel na gwada sai ya wuce lafiya, ban san mai kyau da marar kyau ba. Ga kuma wa'adin da aka ba ni ya cika.

Washegari Madam ta zo, ba ta ce komai kan wa'adi ba. Ta miƙo mini makullin tsohuwar motarta. "Na ajiye ta a rana, gilashi a rufe. In zafi kake nema, yana ciki."

A cikin motar nan na ƙarasa gwajin. Nakan ɗora laftof a kujerar gaba, in zauna a bayan sitiyari, in kasa kunne ko fanka za ta tashi. Gumi har cikin idona. Masu wucewa suna leƙowa, mai sayar da rake na bakin titi ya tambayi Madam ko lafiya nake. Lokaci-lokaci takan ƙwanƙwasa gilashi ta miƙo mini ruwan leda. Wata rana bayan azahar lissafin ya tsaya a kan canji guda. Na fito daga motar rigata sharkaf, na tura wa mutumin.

Ya ce ya gani. Wanda ya yi canjin ya yi kuskure wurin karanta zafi, in ya wuce wani mataki sai kanel ya ɗauka awon ƙarya ne, ya ƙyale fanka a kwance. Gyaran bai fi 'yan layuka ba. Na saka, na koma mota. Laftof ya ɗau zafi, ya ƙara, sai na ji fanka ta tashi da ƙarfi, iska mai zafi tana bugun hannuna. Na danna hon. Madam ta fito da gudunta, ta sa kunne ta taga, ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah da yarensu.

Bayan 'yan makonni gyaran ya iso cikin sabuntawa ta yau da kullum, wadda kowa a duniya yake saukewa. A ƙasan bayanin an rubuta waɗanda suka kawo rahoto suka kuma gwada, sunana da nata. Madam ta karanta a tsaye, ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa. Ta aika aka sayo mana soyayyen kifi daga bakin gada, muka ci a kan bencin kwastomomi. Daga baya wani mai shago irin namu a wata ƙasa mai zafi ya rubuta a dandalin cewa injinansa sun daina mutuwa, shi da ya ɗauka tsufa ne ya kama su har ya fara neman mai saye. Na karanta wa Madam. Ta ce in amsa masa, amma in kawo ta duba Turancin kafin in tura.