Ranar da Jirgi Ya Zo Ɗaukar Baba

Mu asalinmu mutanen Kano ne. Goro da kanwa suka kawo kakana Potiskum, mahaifina kuma ya tashi ya tarar da gida a Dogo Tebo da rumfa a kasuwa. Ya yi fatauci har gemunsa ya fara furfura, sai rana ɗaya ya ce ya gaji da yayyafa wa goro ruwa, noma zai yi. Ya sami gona a Danchuwa, ya sayi bijimai biyu da garmar shanu, irin wadda malaman gona suke ta yi wa talla a lokacin. Daga ranar ba wanda ya ƙara hutawa a gidanmu. Ko gaisuwa ka shigo yi sai an koya maka yadda ake ɗaura wa sa karkiya. Mutumin da ko akuya bai taɓa tatsa ba, shi ne yake gyara wa Fulani zance a kan halin shanu.

Abin ya faru da damina, saura 'yan shekaru Turawa su miƙa mulki. A lokacin shekarata biyu da aure. Maigidana tela ne, gidanmu kuma ba nisa da na iyayena, don haka kusan kullum ina can. Ran nan da hantsi ina taya Inna tsince wake sai muka ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Aminin Baba ne, wani dattijo Bangizime da gonarsa take jikin tamu. Hausarsa gajera ce, ba ya ɓata kalma.

Daga zaure ya ce, “Sa ya soki Malam. Ciki. Ana kawo shi asibiti.”

A kan ƙyauren ɗaki suka ɗauko shi, maza shida suna karɓa-karɓa, har Allah ya haɗa su da motar En'e, wato hukumar gargajiya, mai ɗibar tsakuwa. Da muka isa asibiti likita ya riga ya shiga da shi. Wani dogon Bature ne mai shan lofe. Ya daɗe a ciki, da ya fito kuma bai kunna lofen ba, a hannu ya riƙe shi. Ya yi magana, malamin asibiti yana fassara mana. Ya ce ya tsayar da jinin da zai iya tsayarwa, amma ƙaho ya taɓa hanji. Aiki ne babba, yana bukatar ƙarin jini da kayan da babu su a nan. Kano za a kai shi, kuma yau, ba gobe ba.

Kowa a wurin ya san abin da Kano take nufi a makon nan. Kwana uku ana ruwa, wata gada ta karye a hanya, motoci sun yi layi a bakin shingen da ake rufe hanya da shi in an yi ruwa, har direbobi sun fara girki a gefen titi.

Malamin asibiti ya ce, “Likita ya buga waya Jos. 'Yan mishan suna da ƙaramin jirgi da suke ɗaukar marasa lafiya daga ƙauyuka. Sun ce zai iso bayan azahar.”

Inna ta dafe ƙirji ta ce, “Jirgi? Na sama? Mutumin da ko tsani aka kafa masa sai ya aiki wani ya hau?”

Aka bar mu muka shiga wurin Baba. Yana kwance, leɓɓansa sun yi fari, an ɗaure cikinsa da bandeji kamar ƙunshin goro. Ashe duk ya ji abin da ake faɗa. Ya ce da Inna a hankali, “In kwana ya ƙare, ko a ƙarƙashin gado kake sai ya ƙare. Ku bar ni in je. Rabona da Kano shekara ashirin.”

Akwai wani fili a bayan gari da aka share lokacin yaƙin duniya don saukar jirage. Bayan yaƙi ba kasafai ake amfani da shi ba, sai awaki suka gaje shi. Kafin azahar 'yan doka sun fito da fursunoni, ana rushe suri, ana cike ramuka, ana korar dabbobi suna dawowa ta wani gefen. Aka hura wuta aka zuba mata ɗanyar ciyawa, wai don direban jirgi ya ga inda iska ta nufa. Labari kuwa ya riga ya zaga gari. Kasuwa ta watse, kowa ya yo filin. Har wata mai ƙosai ta kafa kaskonta a gindin aduwa, kuma na ji an ce ba ta taɓa ciniki irin na ranar ba.

Danginmu sun zo da shirinsu. Baffa, yayan Baba, ya riga ya yanke cewa shi zai raka ƙaninsa. Ƙaton mutum ne ko ba riga, ga shi ya zuba manyan riguna uku da rawani, don ya ce ba zai sauka Kano kamar ɗan dako ba. Gwaggo kuma ta haɗa guzuri: tabarma, buta, ƙwaryar fura, tukunyar dambu, tulun man shanu da kaji biyu a ɗaure. Ni abin da ya kai ni bankwana ne kawai, da zanen da nake tsintar wake da shi.

Muka fara jin ƙugi daga kudu, sannan muka hango shi kamar shirwa. Ya zaga filin sau biyu, ya sauko ƙasa-ƙasa har mutane suka kwanta, ya sake tashi, ashe wata jaka ce ta koma tsakiyar fili. Da aka janye ta ya sauka yana watsa taɓo. Da ya tsaya sai na ji raina ya ɗan sosu. Duk hayaniyar nan, abin bai fi motar Di'o, Baturen mulki, girma ba in ka cire fukafukai.

Direban wani ɗan gajeren Bature ne, ja wur, da gajeren wando. Tare da shi akwai nas, baƙar mace 'yar ƙasar Jos, mai fara'a da saurin hannu. Ita ta nufi wurin Baba da likita. Shi kuwa ya taka filin da ƙafarsa har ƙarshe, yana danna ƙasa da dunduniya, ya dawo yana girgiza kai. Yana jin Hausa, sai dai bai raba mace da namiji ba. Ya ce ƙasa ta jiƙe, jirgi ba zai tashi da nauyi ba. Bayan majinyaci da nas, mutum ɗaya zai ɗauka, shi ma sai an auna shi. Ya zaro wani ɗan sikeli mai kamar faifai ya ajiye a kan katako.

Baffa ya tattare riguna ya hau. Allurar sikelin ta zaga ta je ta kwanta. Bature ya duƙa ya duba, ya ɗago ya ce, “Baba, ke kin yi nauyi. Ki sauka.”

Filin nan ya ɗauki dariya. Baffa ya juya wurin malamin asibiti ya ce, “Wa yake ce wa ke?”

Malamin ya ce, “Haƙuri, ranka ya daɗe, haka Hausarsa take. Ko Sarki haka zai ce masa.”

Baffa ya cire riga ɗaya ya sake hawa. Ya cire ta biyu. Da ya kai hannu ga rawani sai Gwaggo ta ce, “Yaya, bar shi haka. Ba a rigar yake ba.”

Aka gwada maigidana, shi ma zaman keken ɗinki ya ajiye masa tumbi. Aka gwada aminin Baba, nauyinsa ya yi daidai, amma ya ce shi ko motar Damaturu ba ya shiga, ya kawo Malam inda ƙafa take kaiwa, saura na Allah ne. Yayana namiji yana Nguru. Lokaci yana tafiya, likita yana duban agogo. Sai nas ɗin ta ɗago daga kan Baba, ta nuna ni da baki ta ce, “Wannan fa? 'Yarsa ce?”

Tun ina ƙarama ake yi mini gorin rama. Inna ta ɗura mini kunun gyaɗa har ta gaji ta bar wa Allah. Na hau sikelin nan, allura ta ɗan motsa kamar mai jin kunya. Bature ya tafa hannu ya ce, “Yauwa! Shi ne zai tafi.”

Baffa ya ce, “Mace? Ita kaɗai, har Kano?”

Maigidana ba mai yawan magana ba ne a gaban surukai, amma ran nan ya matso ya ce, “Baffa, a yi haƙuri. Ubanta ne. Na yarda ta je.” Ya cire rigar sanyinsa ya miƙo mini bai ko dube ni ba.

Daga cikin kayan Gwaggo, buta kaɗai aka ɗauka, ita ma sai da aka zubar da ruwan.

An cire kujeru biyu an shimfiɗa Baba a tsawon jirgin, kansa kusa da gwiwata. Nas ta rataye kwalbar ƙarin ruwa a wani ƙugiya, ta ce aikina in riƙe hannunsa kada allura ta goce, in kuma riƙa yi masa magana kada ya yi nisa. Aka ɗaure ni da ɗamara. Injin ya tashi, komai na jikina ya kama rawa har haƙora. Muka yi gudu a filin nan, taɓo yana fallatsa a tagar, itatuwan ƙarshen fili suna matsowa, ni kuma na karanta duk abin da na haddace har da wanda ban haddace ba. Sai na ji rawar ta tsaya. Na leƙa na ga aduwar mai ƙosai a ƙarƙashinmu, mutane sun zama kamar an watsa gero.

Ban san garinmu ƙarami ne ba sai ranar. Na nemi gidanmu ban gane shi ba. Na ga layin motoci a bakin shinge, na ga ruwa ya kwanta a fadamu yana walƙiya, gonaki kuma kore shar har iyakar gani. Daga nan amai ya taso mini. Nas ta miƙo mini jakar takarda ba tare da ta waiwayo ba, da alama ta saba.

Baba ya buɗe ido ya ce, “Mun tashi?”

Na ce, “Mun tashi, Baba.”

“Duba mini. Geron mutane ya fi nawa kyau?”

Na ce masa daga nan duk gero ɗaya ne. Ya ce ban iya kallo ba ne.

Mun yi kamar rabin tafiya sai hannunsa ya yi sanyi a cikin nawa. Gumi ya karyo masa, idonsa ya fara juyewa. Nas ta daina fara'a. Ta durƙusa a ɗan wurin da babu, ta ɗaga ƙafafunsa ta ɗora a kan jakarta, ta buɗe ruwan ya riƙa sauka da sauri, ta yi masa allura. Ta ce da ni, “Kira shi. Kada ki yi shiru.” Sai na kama tambayarsa yadda ake ɗaura wa sa karkiya, abin da na ji sau ɗari na ƙi saurara. Na tambaya, na sake tambaya, ina kuka. Can sai leɓɓansa suka motsa. Na kai kunnena.

Ya ce, “Ta hagu ake fara zuwa masa. Ni ta dama na je. Ki gaya musu kada a yanka shi, ba laifinsa ba ne.”

Nas ta taɓa wuyansa ta daɗe, sannan ta zauna a kan dugaduganta ta ce, “Tsohon nan da sauransa.”

La'asar ba ta yi sanyi ba muka hango Dala da ganuwa. Tafiyar da babbar mota take kwana tana yi, mun yi ta kafin tuwo ya nuna. Motar asibiti tana jira a filin jirgi. Aka wuce da shi ɗakin tiyata kai tsaye, aka bar ni a baranda da buta da rigar sanyin maigidana. Direban jirgin ya zo wucewa ya ce mini, “Ka yi ƙoƙari,” ya tafi, ban ƙara ganinsa ba. Nas ɗin ce ta sa aka aika cikin birni wurin danginmu, da kwatancen da na sani kawai, wato sunan unguwa da sunan kakana. Kafin magariba mata bakwai da ban taɓa gani ba sun kewaye ni, kowace tana cewa da hancin uwarta na zo.

An yi aikin, an yanke abin da za a yanke an ɗinke. Mako shida muka yi. Da ya fara zama, gadonsa ya koma majalisa. 'Yan'uwan da suka yi shekara ashirin ba su neme shi ba suka riƙa zuwa da kwanon abinci don su ji labarin sama daga bakin wanda ya je, alhali yawancin tafiyar idonsa a rufe yake. In ya kakare sai ya ce, “'Yar nan, gaya musu,” in faɗa, shi kuma ya gyara mini.

A babbar mota muka komo, a kan buhunan gishiri, muka kafe sau biyu a hanya. Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, yana tafiya a ɗan karkace. San kuwa ba a yanka shi ba, amma Inna ta sa an sayar da shi tun muna Kano, ta ce ta cika umarni.

Ni ma na yi kasuwa da na dawo. Kwana da kwanaki mata suna shigowa yi mini barka, kowace da tambayarta. Wata tana son ta ji ko akwai sanyi, wata ko ana jin kiran salla. Wata tsohuwa 'yar Barno da take maƙwabtaka da mu ta bari sai da kowa ya watse, ta matso da tabarmarta ta ce, “'Yata, tsakaninki da Allah, kin ga inda ruwan sama yake taruwa?”

Na ce mata mun ratsa ta cikin gajimare, kuma ba komai a ciki, kamar hayaƙin ɗanyen itace ne, sai ɗan danshi a jikin taga.

Ta dube ni, ta naɗe tabarmarta ta ce, “To, ba ku kai ba.”