Damin Kabata a Buhun Mai Shara

Shekarun baya, tun kafin jirgi ya ɗauke mu zuwa Alƙahira, abu ɗaya ke hana ni sukuni: zan zauna cikin matan da suka yi karatu, ni kuwa firamare ma ban ƙarasa ba. Abin da na iya shi ne saƙar kaba, ganyen goruba, kamar yadda mahaifiyata ta koya mini. Maigidana ɗalibi ne, ya ce in bar tarkacen a gida. Na ce to. Sai na naɗe dami ɗaya a zani na cusa ƙarƙashin kayan 'yata.

Muka sauka a unguwar Hay el-Sabi', a hawa na biyar na wani bene. In ya tafi karatu, sai in lulluɓe kabar da jiƙaƙƙen tsumma ta yi laushi, in tsage ta da farce, in yi ta saƙa. Yarinya na barci, ni kuma hankalina ya kwanta.

Ranar sunan ɗan wani abokinsa na dafa dambu, na rufe kwanon da faifan da na saƙa. Matar wani babban ɗalibi, wadda muke kira Anti, ta ɗaga shi da yatsu biyu.

"Ikon Allah! Har da wannan kika hau jirgi? Nan Masar ce fa, ƙanwata, akwai murfi."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don rashin wayo. Kafin la'asar maganar ta kai wurin maza.

Washegari da safe na duba bayan kujera inda nake ɓoye kabar, babu ita. Na tambayi maigidana. Bai ɗago daga littafi ba ya ce, "Na ajiye wa mai shara a ƙofa. Khalas, ya isa, na gaji da dariyar da ake yi mini."

Ni da ban taɓa sauka ni kaɗai ba, ni da ƙarar hon ɗin mota ke firgita ni, ban san lokacin da na saɓa yarinya a baya ba. Takalmi ɗaya nawa, ɗaya nasa. A hawa na biyu na cimma mai sharar da ƙaton buhunsa, ga bakin kabata ya leƙo. Larabcina duka bai wuce na yaran bene in suna faɗa kan ƙwallo ba, shi na kwaso: "Bita'ti! Tawa ce!" Mutumin ya sauke buhu, ya zaro ta, ya kakkaɓe ɓawon albasa, ya ce, "Ma'alish ya madam," wato in yi haƙuri.

Na hau ina haki. A tsakiyar falo na baje ta, gaban maigidana.

"Malam, akwati biyu na littattafai ka zo da su, ban ce sun yi nauyi ba. Ni dami ɗaya na kawo. Yarinyar nan za ta tashi ta ga ubanta ya iya karatu. Uwarta fa, me za ta ga ta iya?"

Ban yi kuka ba. Ya daɗe yana kallon takalminsa a ƙafata. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Amma ban sake saƙa a ɓoye ba, ko da baƙinsa suna falo.

Har yau ni mai tsoro ce, in 'yata ta yi tari sau biyu hankalina ya tashi. Sai dai na gane kunyar ba tawa ba ce, ɗora mini aka so a yi. Duk taron da za ni, da faifai nake rufe kwanona, kuma Anti na gani.

Yanzu 'yata ta fara tsage kaba da farcenta, wadda nake da ita kuma ta kusa ƙarewa. Don Allah, wanda ya san mai tahowa daga gida, a sako mini dami ɗaya. Busasshiya, kada a ɗaure ta a leda da danshi, fumfuna take yi.