Karen da Ya Ga Kura Sau Ɗaya

Kakata Iya Gambo ba ta fara tatsuniya sai an kwashe tuwo, an bar garwashi a murhu. Mu jikoki mu kewaye ta, tana gasa mana gyaɗa tana mita wai mun fi awaki ci. Ni ce mai manne wa ƙafarta, don haka ni na fi shan ranƙwashi.

"Ga ta nan ta iso," in ji ta, "mai gyangyaɗi ya tafi wurin uwarsa."

Wadda na fi so ita ce ta karen wani makiyayi. Kura ta taɓa shiga garke ta yage masa kunne. Kunne ya warke, kura ta bar dajin, amma kare bai daina haushi ba. Akuya ta gifta, haushi. Ganye ya faɗo, haushi. Makiyayi ya doke shi, abin ya ƙaru. Ya kulle shi a ɗaki, ya ƙara lalacewa. Sai wata tsohuwa ta karɓe shi. Kullum ta ja shi wajen garke, taku ɗaya fiye da na jiya, tana shafa kansa har ya daina.

"Iya, ashe ƙarya karen yake yi?"

"Ke, ja'ira! Tsoronsa gaskiya ne. Kurar ce babu."

Na girma, na yi aure, na bi maigidana ƙasar waje, unguwar Pantai Dalam, inda yake karatu. A shekarar korona na haifi Husna. An rufe iyakoki, mahaifiyata ba ta samu zuwa ba, babu mai yi mini wankan jego. Da bayana ya kama ciwo, na yanke cewa ɗanyen jiki ne ya zauna mini, na bi gado na kwanta. Wata bakwai ban goya 'yata ba. Tana kuka, ina kuka.

"Maman Husna, scan ɗin nan clear ne fa," in ji maigidan, bayan an ɗauki hoton bayana a asibiti. Kwana biyu ban kula shi ba, don na ji kamar maƙaryaciya ya kira ni.

Shi ya haɗa ni da wata likitar gashin ƙashi, Ba'indiya daga unguwar Brickfields, muna ganin juna ta waya. Ta ce ciwon da nake ji gaskiya ne, amma bayana ya warke tuntuni. Ƙwaƙwalwa ce ta saba gadi, take ta aiko ciwo ko babu haɗari, kwanciya kuma ƙara mata tsoro take. Sai an koya mata motsi kaɗan-kaɗan.

Na fashe da dariya har da hawaye, likita ta rasa dalili. Allah ya ji ƙan Iya, ko ƙofar aji ba ta taɓa takawa ba. Da ina yarinya dariyar karen nake yi, sai a ranar na ji tausayinsa.

Na fara da sunkuyawa in ɗauki cokali, daga nan bokiti. Bayan makonni na ɗauko zane na goya Husna. Ciwon bayana ya motsa, ban sauke ta ba. Ita da ba ta san goyo ba ta yi ta zillo tana ja mini ɗankwali, can ta kwantar da kai ta yi barci.